Tagar Da Ke Cikin Idon Auta

Tun daga kan kwana Auta ta hango baƙar motar mai tabarau, mai shagon auna idon nan da ke neman aurenta, a ƙofar shagon hoton babanta.

Ba ranar zuwansa ba ce. Shi mutum ne da ba ya zuwa ko'ina sai ya aiko, don a share wuri a kuma shirya fuskar da za a tarbe shi da ita. Yau ga shi ya faɗo babu sanarwa, ga kuma muryar Gwaggo, yayar Baba, tana tashi daga cikin shagon har bakin titi.

Ta saci kallon tsallaken titi. Dogo na tsaye a bakin nasa shagon hoton da tsumma a hannu, yana goge gilashin da tun safe ya gogu. Da idonsu ya haɗu bai yi mata murmushin nan nasa ba. Kai kawai ya girgiza.

A hannun Baba Dogo ya koyi sana'a. Shi ke ɗaukar fitilu, shi ke riƙe farin allon da ke mayar da haske kan fuska, har ta kai Baba kan ce ko tari ya yi Dogo ya san inda yake son haske ya sauka. Ranar da ya durƙusa ya ce yana son Auta, ranar komai ya watse. Baba ya ce fitila ya koya masa ɗauka, ba 'ya ba. Dogo ya fita daga shi sai kayan jikinsa, ko mitarsa ta auna haske bai ɗauka ba, ya je ya buɗe shago daidai inda Baba zai riƙa ganinsa kullum. Baba kuwa ya rantse a gaban mutane cewa ƙafar Dogo ba za ta sake taka daɓensa ba.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne, ganin da ake so Baba ya riƙa yi ɗin ma ya kusa ƙarewa.

Kafin ta kai ƙofa sai ga mai tabarau ya fito, ƙamshin turarensa ya riga shi isowa. Yana da irin murmushin nan da haƙora kaɗai suka san da shi.

"Ranki ya daɗe."

"Ina wuni?" ta faɗa ba tare da ta dube shi ba.

"Lafiya lau. Kin yar da wani abu a shagona ranar da kika zo karɓar maganin Baba. Na kawo wa mai gida, tunda shi ya fi dacewa ya gani."

Ya ɗan bubbuga aljihun gaban rigarsa. Take ta gane hotonta ne. Kwana da kwanaki tana zazzage jaka tana neman hoton nan.

"Don girman Allah ka ba ni. Nawa ne."

"Naki ne, amma ba ke kika ɗauki kanki ba." Ya rage murya. "Saurare ni da kyau, Auta. Ni na auna idon babanki, na san abin da ya rage a ciki. Wata da watanni bakina a rufe saboda ke. Shugabannin makarantun da ke turo masa ɗalibai, da ma'aikatan da ke zuwa hoton katin aiki, duk a wurina suke yin tabarau. Kalma ɗaya zan furta, shagon nan ya koma ɗakin ajiye tsintsiya. Wa zai kai fuskarsa wurin mai hoton da ba ya gani?"

"Wannan ai ba so ba ne."

"Ki kira shi duk abin da kika ga dama. Ni dai na gaji da jira."

Ya matsa ya ba ta hanya kamar mutumin kirki, sannan ya biyo ta ciki.

Shagon yana nan yadda ta bar shi: labule mai ruwan toka a bango, kujerar zama a tsakiya, babbar fitila da laimarta, fitilar baya a kan siririyar ƙafarta, sai babbar taga a hagu da sandunanta biyu da suka gicciye juna. Gilashi ɗaya na tagar ya daɗe da fashewa, an toshe shi da kwali. A kan daɓen katakon kuwa, in ba ka san da su ba ba za ka lura ba, kawunan ƙusoshi ne 'yan ƙanana suna ƙyalli nan da can.

Ƙusoshin nan su ne rufin asirin gidansu.

Tun bara fuskoki suka fara yi wa Baba dishi-dishi. Haske da duhu yana rarrabewa, amma hanci da baki sai dai ya ƙiyasta. Lambar mita kuwa ta daɗe da ɓace masa. Sai suka yi dabara: ya sa mitar a ƙarƙashin haɓar mai ɗaukar hoto, ya danna, fitila ta yi walƙiya, sannan ya juyo da ita yana cewa, "Auta, nawa kika gani? Bari in ji ko karatu ya zauna." Ita kuma ta karanta masa. Mutane su yi ta dariya suna cewa tsohon nan bai gajiya da koyarwa.

Amma mita yawan haske kawai take faɗa, ba ta faɗin inda za a kafa fitila. Hotuna suka fara fita da ramuka a ido, goshi na sheƙi kamar an shafa mai. Har aka fara dawo da aiki.

Shi ya sa ranar da aka kai Baba asibiti ta rufe ido ta kira Dogo. Ya shigo ta ƙofar baya, ya wuni yana jan fitilu yana aunawa, wurin hasken safe daban, na yamma daban, na mai baƙar fata daban, na mai hasken fata daban. Duk inda ƙafar fitila ta zauna daidai sai ya buga ƙusa mai dunƙulallen kai, don ya san Baba tun asali ba ya aiki da takalmi, tafin ƙafarsa zai gane. Yana buƙatar fuskar gwaji, sai ta zauna masa. Ya kawo mitar ƙarƙashin haɓarta, ya ce, "Mitar nan ƙarya take yi, ke ba kya buƙatar fitila." Ta yi dariya, ya danna. Hoto ɗaya tak.

Ta ce wa Baba ita ta buga ƙusoshin. Tun daga nan ba a sake dawo da aiki ba.

"Ga ta nan, 'yar gwal!" Gwaggo ta tare ta tun kafin ta gaishe su. "Duk sa'o'inki sun yi aure sun haihu, mutum mai mutunci yana bin ki kina masa yanga, ashe kina can kina washe wa Dogo, wancan mai tsawon banza, haƙora!"

Baba na zaune a kujerarsa ta bakin taga, hannayensa a kan gwiwa. Bai ɗago ba.

"Auta, kin taɓa rantse min ba ki taɓa shiga shagon yaron can ba."

"Wallahi Baba ban taɓa shiga ba."

"Ji ta! Har yanzu rantsuwa take!" Gwaggo ta tafa hannu. "Ɗana, ba shi ya gani da idonsa."

Mai tabarau ya zaro hoton a hankali. Auta tana kallo ya juya shi, kai ƙasa, sannan ya sa wa Baba a hannu. Ya waigo ya dube ta, ya ɗaga gira ɗaya.

Baba ya riƙe hoton a juye, ya kafa masa ido kamar mai karantawa.

Gwaggo ta leƙo, ta yatsina fuska.

"Kai kuma lafiyarka? Ai a kife ka riƙe shi."

Yatsun Baba suka ɗan motsa a gefen takardar, amma muryarsa ko gezau.

"Yaya, ke da kika girme ni kin manta? Kyamarar da na fara aiki da ita, mai baƙin ƙyalle, a kife take nuna mutum. Duk hoton da nake son in kama ƙaryarsa a kife nake duba shi."

"Au, haka fa," in ji Gwaggo, ta koma ta zauna.

Mai tabarau ya yi 'yar dariya ta cikin hanci. Auta ta gane saƙon sarai: wannan ɗanɗano ne kawai.

Baba ya lalubo gilashin ƙara girma daga aljihu, ya miƙa wa Gwaggo tare da hoton.

"Ke ki duba, don kada a ce na yi son kai. Wane gefen fuskarta ne ya fi haske?"

"Hagu. Dama akwai inuwa, amma ga wani ɗan haske a kumatun, ƙarƙashin ido, mai kusurwa uku."

"Gashinta ya haɗe da labule?"

"A'a, akwai siririn haske a gefen ɗankwalin, kamar an zana."

Baba ya gyaɗa kai. "Mutum biyu ne ke haska baƙar fata haka a garin nan. Sauran kwara mata haske suke yi har ta koma toka. Ni ne, sai wanda na koya wa. To, ɗora gilashin a kan ƙwayar idonta. Duk hasken da ya taɓa fuska sai ya bar hotonsa a ido. Me kika gani?"

Gwaggo ta sunkuya, ta runtse ido ɗaya.

"Wani farin abu ne. Kamar taga. Eh, taga ce, ga sanduna biyu sun gicciye. Kusurwa ɗaya kuma baƙa ce, kamar an toshe ta da..."

A hankali ta ɗago ta dubi tagar da ke bayan Baba, ta dubi kwalin.

"Innalillahi! A nan ne! A cikin shagon ubanta!"

Ko mai tabarau bai zaci haka ba, sai da ya gyara zaman tabaransa. Auta ta dafa bango.

"Gaskiya ta faɗa," Baba ya ce, muryarsa ta yi sanyi ƙwarai. "Ba ta shiga shagonsa ba. Shi ya shigo nawa." Sai a lokacin ya juyo da fuska wajen da take. "Me ya kawo shi, Auta?"

Amsar tana bakinta. Ta san in ta faɗa, ta wanke kanta, ta wanke Dogo. Ta kuma san in ta faɗa, ta tsiraita mahaifinta a gaban Gwaggo, wadda ko ciwon kai ta ji kana yi sai unguwa ta sani kafin ka nemo magani. Ta dubi tsohon, da hannayensa da suka yi ta ɗaukar fuskokin garin nan tun kafin a haife ta. Tausayinsa ya cika mata ƙirji har ya fi tsoron yawa.

"Ni na kira shi," ta faɗa, hawaye na gangarowa. "Hoto kawai na so ya ɗauke ni."

"Hoto kawai! Ke da ƙato a rufaffen shago!" Gwaggo ta miƙe tana gyara mayafi. "To ni na gama magana. Tunda Allah ya sa yaron nan ya ga wannan bai gudu ba, ƙarshen mako manyansa su zo. Ba zan zauna a mayar da gidan ubana abin nuni ba."

"Ni ba komai, Gwaggo, kuskure ne," in ji mai tabarau cikin ladabi. "Sai dai mahaifiyata ta daɗe tana son hoton Auta. Na fi so Baba ya ɗauka da hannunsa, yanzu, tunda akwai sauran rana. Bari in saka Gwaggo a mota in dawo. Ina waje, zan jira."

Suka fita. Ƙofa ta rufe.

Baba ya ce, "Miƙo min filaya."

"Baba?"

"Filaya na ce."

Ta ɗauko a aljihun tebur ta ba shi. Ya miƙe, ya taka a hankali da tafin ƙafa har ya ji ƙusa ta farko. Ya durƙusa, ya kama kanta, ya murɗa. Katakon ya yi ƙara, ƙusar ta fito.

"Baba, don Allah kar ka cire!" Ta zube a gabansa ta riƙe masa hannu. "Gobe akwai ɗalibai! In ka cire su yaya za ka yi?"

"Kin zaci ban sani ba?" Ya zare hannunsa. "Ke da ko fitilar baya ba ki iya saitawa ba sai kin ƙona wa mutum kunne? Ranar da na fara taka su na san wanda ya buga. Taku ɗaya da rabi daga kujera, fitila ta ɗan fi kan mutum tsawo. Ni na koya masa, da rankwashi ma."

"To me ya sa ka yi shiru?"

"Saboda ina jin yunwa, kuma ina jin kunya." Ya ciro ta biyu. "Na ce muddin ba a faɗa ba, kamar ba a yi ba ne. Yau an faɗa. Na zauna ina ji ana zagin 'yata a kan ƙusoshina, na kasa buɗe baki. Ba zan ƙara cin abinci da hasken wanda na kora ba."

"Bai yi don ya ci maka fuska ba, Baba. Wallahi kuka ya yi ranar. Cewa ya yi in ka gane in ce ni ce, in ba ka gane ba ma in ce ni ce." Kuka ya ci ƙarfinta. "Ni ba na son mutumin can. Tsoronsa nake ji. Amma in aurensa ne zai rufa maka asiri, zan aure shi. Kai dai ka bar ƙusoshin nan."

Ɗaya bayan ɗaya ya bi su, yana rarrafe a daɓen shagonsa, har ya tara su a tafin hannu ya zuba a aljihu. Ya miƙe yana haki.

"Hau kujera. An ce in ɗauke ki hoto."

Ta hau, tana share fuska da gefen mayafi.

Rana ta yi ƙasa, hasken taga ya koma ja. Baba ya kama ƙafar babbar fitila ya ja ta. Ya tsaya. Ya ja ta baya, ya sake tsayawa, tafin ƙafarsa na shafa katako yana neman abin da babu. Ya juya laimar, ya kunna. Hasken ya wuce Auta gaba ɗaya ya sauka a kan labule, ita kuwa tana zaune a cikin inuwa.

Ya lalubo haɓarta, ya sa mitar, ya danna.

"Nawa?"

Ta duba. "Biyu da ɗigo takwas, Baba."

"Takwas ya kamata ta nuna."

Ya koma ya matsar da fitilar, ya dawo ya auna. Lambar ta ƙara faɗuwa. Gumi ya keto masa a goshi. Ya tsaya a tsakiyar ɗakin da ya fi sani a duniya, hannu ɗaya a kan fitila, ɗaya a iska, kamar baƙon da aka sauke a tashar da bai taɓa zuwa ba. Cikin ƙosawa, ba tare da ya yi tunani ba, ya daka tsawar nan tasa ta da:

"Kai Dogo! Ɗaga min ita sama kaɗan mana!"

Babu wanda ya amsa sai fanka.

Auta ta toshe baki da hannu biyu. Baba ya tsaya ƙiƙam, sunan da ya haramta a shagon yana yawo a tsakaninsu. A hankali ya saki fitilar, ya lalubi kujerarsa ya zauna. Ba ta taɓa ganin tsufansa kamar yau ba.

"Baba," ta faɗa, "in kira shi?"

Baba ya juyo da fuska wajen ƙofa.

"Motar tana nan?"

Ta leƙa ta taga. "Ya dawo. Ya sauke gilashi, yana kallon ƙofa."

"Ɗazun da gangan ya kifa min hoton. Ido ne ya tafi, ba hankali ba." Ya ja dogon numfashi. "In kika tsallaka titin nan yana gani, kafin rana ta faɗi garin nan ya san mai hoto ya makance. Kin sani?"

"Na sani."

"Ɗalibai ba za su zo gobe ba. Wataƙila babu wanda zai ƙara zuwa."

"Na sani, Baba. Shi ya sa na ce zan aure shi."

"Rufe min baki."

Ya miƙa hannu ya jawo aljihun tebur na ƙasa, wanda ba a buɗewa. Ya lalubo wata mita mai doguwar igiya, ya hure ƙurar da ke kanta, ya shafa ƙullin igiyar da babban yatsa.

"Wannan ba tawa ba ce. Mai ita ya manta da ita, ni kuma ba na riƙe kayan mutane." Ya miƙo ta wajen da yake zaton take, ya ɗan kauce, sai da ta matso ta karɓa. "Kai masa. Ta ƙofar gaba za ki bi."

Ta buɗe ƙofa. Iskar yamma ta bugi fuskarta da ba ta gama bushewa ba. Mai tabarau ya leƙo ta tagar mota da murmushinsa.

"An gama hoton?"

Idonsa ya sauka a kan mitar da ke hannunta, ya bi inda fuskarta ta dosa, murmushin ya ɗauke. Ya ɗauko waya daga kan kujera, ya ɗaga ta yadda za ta gani sosai.

"Auta, ki yi tunani. Shugaban makarantar da zai turo ɗalibai gobe zan fara kira."

A tsallake Dogo ya yar da tsumman, ya fito bakin kwalta. A bayanta kuma ta ji takun ƙafa marar takalmi. Baba ne ya lalubo har bakin ƙofa, ya dafa bango, ya ɗaga fuska yadda duk mai wucewa zai gan shi.

"Kira shi, ɗana," ya faɗa da ƙarfi. "In ya ɗauka ka ba ni, ni zan faɗa masa da bakina."

Mai tabarau ya fara danna lambobi. Auta ta damƙe igiyar mitar, ta sa ƙafa a kan kwalta.